Babi na Shida: Arhar Satumba a Kankun

Duk wanda ya saba leƙa farashin otal-otal na bakin teku a yankin Karibiyan ya san akwai lokacin da kuɗin ɗaki ke faɗuwa warwas. Ɗakin da a ƙarshen Disamba sai mai hannu da shuni, a Satumba matsakaicin ɗan kasuwa ma zai kama shi ba tare da ya yi gumi ba, har a haɗa masa da ci da sha. Gadon shi ne dai, tekun ma yana nan da shuɗinsa. Dalilin rangwamen yana jikin kalanda: daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a tekun Atilantika, kuma abin ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, ƙololuwarsa wajen 10 ga Satumba. Mai otal ya san da haka, kamfanin jirgi ya sani, mai inshora kuwa ya fi kowa sani. Wanda aka rage wa kuɗi an ɗora masa wani kaso na kasadar ne, ko an faɗa masa ko ba a faɗa ba. Ni dai ban ga aibun wannan ciniki ba, muddin mai saye ya san abin da ya saya.

Kafin mu isa Kankun, a Meksiko, sai mu fara ɗaga kai mu dubi samaniyarmu, domin da yawa daga cikin waɗannan guguwowi a nan aka yanke musu cibiya. A tsakiyar damina, zafin Sahara da sanyin iskar da ke tasowa daga gaɓar Gini suna haɗuwa su haifar da wata iska mai ƙarfi can sama, wadda ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Iskar ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take yi, kuma kowace lanƙwasa tana tara hadari. Daga wajajen tsaunukan Habasha da Darfur suke faro tafiya, su ratsa Chadi, su bi ta kan Nijar da arewacin Najeriya, su wuce Mali. Hadarin gabas da ke haɗowa da la'asar a Damagaram ko Katsina, ya turnuƙe gari da ƙura kafin ya kece da ruwa, sau da yawa a cikin irin wannan ayari yake. Duk bayan kwana uku zuwa biyar sai ɗaya ya fice ta gaɓar Senigal ya faɗa teku, kimanin 60 a shekara. Mafi yawansu a hanya suke mutuwa. Kaɗan ne ke samun abin da suke bukata, amma cikin waɗannan kaɗan ɗin ne ake samun mafi yawan manyan guguwowin da ke rusa garuruwa a can ƙetare.

Abin da suke bukata ba shi da yawa. Ruwan teku ya kai zafin digiri 26 da rabi a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗumin ya nutsa ƙasa sosai. Iskar sama da ta ƙasa su daidaita, kada wata ta fizge kan hadarin ta raba shi da gindinsa. Sai laima. Idan waɗannan suka haɗu, tururin ruwa yana hawa sama, ya zama girgije, ya saki zafin da ya ɗauko. Zafin ya ƙara jawo iska daga ƙasa, juyawar duniya ta murɗa ta, abu ya zama na ci-da-kai. Babban maƙiyinta kuma daga wajenmu yake: busasshiyar iska mai ƙura da ke tashi daga Sahara, har da ƙurar kwarin Bodele na Chadi, tana iya shaƙe guguwa tun tana jaririya.

A matsakaiciyar shekara ana samun guguwa 14 da suka kai a raɗa musu suna, 7 daga ciki su zama mahaukata, 3 su kai manya. Wannan lissafin na tekun ne gaba ɗaya, tun daga Kef Bad har Tekzas. Shi ya sa mutumin da ya kama ɗaki na mako guda a wani otal guda, ko a tsakiyar Satumba ne, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya je ya dawo bai ga komai ba. Matsalar tana ga ranar da ƙuri'a ta faɗo a kansa, da kuma irin wurin da ta same shi.

Kankun kuwa wuri ne da aka gina a bakin hanya. Kafin 1970 babu abin da ke nan sai ƴan masunta da masu gadin gonar kwakwa. Gwamnatin Meksiko, ta hannun babban bankin ƙasar, ita ta zauna ta zaɓi wurin don ta samo kuɗin waje, aka fara gini a 1970, otal-otal na farko suka buɗe a 1974. Yau birnin na da kusan mutum 900,000, filin jirginsa kuma na ɗaukar fasinja kimanin miliyan 30 a shekara. Unguwar otal-otal ɗin tana kan wani siririn tsibiri na yashi mai siffar lamba 7, tsawonsa ya haura kilomita 20. Teku ta gabas, tafkin Nicupte ta yamma, babban titi guda ɗaya tal ya ratsa tsakiya. A wasu wuraren kana tsaye a titin za ka hango ruwa dama da hagu. Kyan wurin ke nan, rauninsa ke nan.

Gwajin farko ya zo a 1988. Wani hadari ya bar gaɓar Afirka a ranar 3 ga Satumba, ya zama guguwar Gilbert, ta ratsa Jamaika daga gabas zuwa yamma a ranar 12, ta iso gaɓar Yukatan, inda Kankun take, a ranar 14 tana mataki na 5, wato ƙarshen ma'auni. Amma wadda mutanen Kankun ke auna komai da ita har yau ita ce Wilma, a Oktoban 2005. Ita ba daga Afirka ta yi tattaki ba, a cikin tekun Karibiyan ta ƙyanƙyashe, kusa da Jamaika, kamar yadda guguwowin ƙarshen lokaci suka saba. Cikin kwana guda ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa mataki na 5, kuma a ranar 19 ga wata nauyin iska a tsakiyarta ya sauka zuwa miliba 882, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a Atilantika. Ta ɗan yi laushi kafin ta afka wa tsibirin Kozumel a ranar 21 tana mataki na 4. Sai ta yi abin da ya fi ƙarfin iskarta muni: ta ƙi tafiya. Ta yi ta jan ciki a kan wannan kusurwa ta Yukatan, iska mai ƙarfin rusa gini tana kaɗawa fiye da kwana guda cur. A tsibirin Isla Muheres, wanda ake hangowa daga Kankun, an auna ruwan sama da ya haura milimita 1,600 cikin awa 24, wato ya zarce abin da Kano ke samu a damina guda. Teku da tafki suka haɗe a kan titin otal-otal.

Idan aka dubi girman ɓarnar, waɗanda suka rasa rai a Meksiko ba su da yawa, domin an kwashe baƙi daga bakin ruwa da wuri. Wahalar ta biyo baya ne. Dubban masu yawon buɗe ido suka kwana da kwanaki a makarantu da ɗakunan wasanni, a kan tabarmi da katifun ƙasa, babu wuta, babu ruwan famfo, bayan gida ya cika, ga zafi ga sauro. An fasa shaguna a cikin gari har sai da aka baza sojoji. Filin jirgi ya lalace, hanyar birnin Merida mai nisan kilomita 300 da ɗoriya ruwa ya shanye wani sashe nata, duk da haka can aka riƙa kwasar mutane a bas don su sami jirgi. Mutumin da ya zo hutun mako guda ya koma mai bin layin ruwan sha. Shugaban Meksiko na lokacin, Bisente Foks, ya zo da kansa ya yi alkawarin za a farfaɗo da mafi yawan wurin kafin hutun Disamba, amma wasu otal-otal sai da suka shafe watanni masu yawa a rufe.

To wannan ita ce ranar da ƙuri'a ta faɗo. Ranar yau da kullum ta Satumba daban take. Gari na wayewa da rana tarwai, zafi da gumi su yi ta hauhawa, da la'asar hadari ya haɗo ya zubar da ruwa na ɗan lokaci ya wuce, a fito a ci gaba da harka. Ruwan teku ɗumi gare shi, babu cunkoso, ma'aikata suna da lokacinka. Kunkurun teku ma lokacinsu ne, ana ganin ƴaƴansu suna fitowa daga yashi. Abin da ya fi ɓata wa baƙi rai a ƴan shekarun nan wata ciyawar teku ce ruwan kasa, sargasum, wadda tun 2011 take yaɗo a faɗin Atilantika daga gaɓar Afirka ta Yamma har mashigin Meksiko. Tana taruwa a bakin ruwa tuli-tuli, idan ta ruɓe ta yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, kullum da asuba ana kwasarta da manjagara da tarakta.

Akwai kuma haɗarin da ba ya zuwa da hayaniya. Guguwar da ke nesa da ɗaruruwan kilomita tana aiko da manyan igiyoyin ruwa, alhali sama garau take. Ruwan da igiya ta turo bakin gaɓa dole ya koma, sai ya nemi wata ƴar kafa ya bi da gudu, ya ja duk wanda ya tarar zuwa ciki. Gwanin iyo ma idan ya ce zai yi kokawa da shi kai tsaye, gajiya za ta kayar da shi. Dabarar ita ce a yi iyo a kaikaice, a bi tsawon gaɓa har a fita daga jan. Jar tuta a bakin ruwa ba ado ba ce. Baƙon da ya biya kuɗi yakan ji kamar an tauye masa haƙƙi idan mai gadin ruwa ya busa masa usur, kuma irin wannan baƙon ne ake tsamowa.

Mai niyyar zuwa ya kamata ya koyi karanta taswirar Cibiyar Lura da Guguwa ta Amurka da ke Mayami, wadda ke fitar da sabon hasashe duk bayan awa shida. A taswirar ana zana wani abu mai siffar mazurari, siriri a inda guguwa take, yana buɗewa zuwa kwana biyar gaba. Mutane da yawa suna ɗauka girman guguwar ke nan, ko kuma duk wanda ke wajen zanen ya tsira. Ba haka ba ne. Zanen yana nuna inda tsakiyar guguwar kaɗai za ta iya bi, kuma an auna faɗinsa ne yadda sau biyu cikin uku za ta kasance a ciki. Sau ɗaya cikin uku ke nan tana iya ficewa. Iska da ruwa kuwa suna kai wa nesa da tsakiya ƙwarai. Cibiyar tana ba da sanarwar a zauna cikin shiri awa 48 kafin iska ta fara, gargaɗi na sosai kuma awa 36. Wanda ya jira na biyun kafin ya nemi tikiti zai tarar an riga shi.

Matakan nan biyar ma suna yaudara. Iska kawai suke aunawa: mataki na 1 daga kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. Ba su cewa komai game da ruwa, alhali ruwa ne ya fi kisa. Binciken da aka yi kan mace-macen guguwa a Amurka na tsawon shekara 50 ya nuna kusan tara cikin goma ruwa ne sanadinsu, kimanin rabi kuma daga tumbatsar teku. Yadda mutum ke hura koko a kwano ya ga ya taru a gefe guda, haka guguwa ke tura teku gabanta, ya hau tudu da tsayin mita da yawa, igiyoyi kuma a kansa. Ɗakin ƙasa mai ƙofa a bakin yashi, wanda ya fi kowane tsada, shi ne farkon shan ruwa.

Hasashen hanyar da guguwa za ta bi ya inganta sosai a shekarun nan. Hasashen ƙarfinta ne har yanzu yake ba masana kunya, kuma Akapulko shaida ce. Wannan tsohon wurin shaƙatawa yana ɗaya ɓangaren Meksiko, a gaɓar Fasifik. Ana saura kwana guda guguwar Otis ta iso, a Oktoban 2023, ana ganin ba za ta wuce matsakaiciya ba. Cikin awa 24 ta haye mataki na 5, ta afka wa birnin da tsakar dare, wayewar 25 ga wata. Babu lokacin kwashe kowa. Baƙi suka ɓuya a banɗaki, suka tokare ƙofa da katifa, gilasan benaye suna tarwatsewa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na otal-otal suka lalace, fiye da mutum 50 suka mutu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ɓace ma'aikatan jiragen ruwa ne da suka kwana a cikin jiragen iyayen gidansu suna gadi. Ɗumamar teku tana ƙara yawan irin wannan tashin gaggawa. Guguwar Beril, a 2024, ta kai mataki na 5 tun farkon Yuli, abin da ba a taɓa gani da wuri haka ba, kafin ta yi laushi ta sauka kusa da Tulum, kudu da Kankun.

Sai batun takarda, wanda shi ne ainihin cinikin. Inshorar tafiya tana biyan asarar guguwa ne idan an saye ta kafin a raɗa wa guguwar suna. Da zarar ta sami suna, a wurin mai inshora ta zama sanannen abu, ƙofa ta rufe. Kuma fargaba ba hujja ba ce: idan ka fasa tafiya don ka ga hadari a taswira, alhali jirgi ya tashi kuma otal a buɗe yake, galibi kuɗinka sun tafi, sai dai in ka sayi nau'in mai tsada da ke ba da damar fasawa bisa kowane dalili, shi ma wani kaso yake mayarwa. Otal-otal da yawa suna tallar lamunin guguwa, amma in ka karanta ƙananan rubutun sai ka ga sau da yawa ba kuɗi za su mayar ba, wasu kwanakin za su ba ka a wani lokaci, tikitin dawowa kuma naka ne. Ga mai fasfo na Najeriya ko Nijar akwai ƙarin ƙulli. Jiragen da ke fara tashi bayan guguwa mafi yawansu Amurka suke nufa, ita kuwa Amurka ko sauya jirgi kawai za ka yi a filinta sai da biza. Ba'amurke zai haye duk wanda ya samu. Wanda ba shi da wannan biza sai ya jira na birnin Meksiko ko wanda ya dace da takardunsa. Wanda ba ya son wannan lissafi gaba ɗaya yana iya gangarawa kudu, Aruba ko Kurasawo, kusa da Benezuwela, inda guguwa ba ta cika bi ba. Sai dai masu otal na can su ma sun san da haka.

Idan abin ya tunkaro kana ciki, hukumomin Meksiko suna da launuka biyar na faɗakarwa: shuɗi, kore, rawaya, ruwan lemo, ja. Tun ana rawaya za ka ga ma'aikata suna kwashe kujeru da laimomi, suna sare kwakwa daga bishiya don kada ta zama harsashi, suna rufe tagogi da katako. Akan hana sayar da giya, a rufe tashar jiragen ruwa. Daga nan ko dai a tara baƙi a babban zauren otal ɗin da hukuma ta amince da ƙarfinsa, ko a kwashe su a bas zuwa mafaka a cikin gari. A ƙaramar jaka ake tafiya: fasfo a cikin leda, magani, caja, tocila, da tsabar kuɗi, domin in wuta ta ɗauke katin banki ya zama roba. Idan iska ta tsaya cak a tsakiyar tashin hankali, har rana ta leƙo, idon guguwar ne ke wucewa. Rabin na biyu yana tafe ta ɗaya ɓangaren, da ƙarfinsa.

Wanda ke riƙe da tocila a wannan zaure, yana raba burodi da ruwan gora, yana lallashin baƙon da ke neman a maido masa kuɗinsa, shi ne mutumin da ban ga ana ambata a tallar rangwame ba. Ƙila ɗan ƙabilar Maya ne daga wani ƙauyen Yukatan, ko ɗan ci-rani daga Ciyafas ko Tabasko. Gidansa yana can unguwannin bayan gari da baƙi ba sa gani, inda ruwa ke kwanciya, kuma iyalinsa suna ciki a daren da yake gadin baƙi. Tun kafin guguwa ma Satumba watan ƙunci ne gare shi: baƙi sun ragu, ihsanin da suke bayarwa, wanda shi ne rufin asirinsa, ya ragu, wasu wuraren ma sai a ba shi hutun da babu albashi. In otal ya rufe don gyara, kamfanin inshora zai biya mai otal, baƙo zai koma gida da labarin da zai daɗe yana bayarwa, shi kuma ya shiga neman aikin kwasar ɓaraguzai. A ƙananan tsibirai abin ya fi haka. Guguwar Irma ta bar gaɓar Afirka a ƙarshen Agustan 2017, ta lalata kusan duk gine-ginen Barbuda, aka kwashe mutanen tsibirin kaf zuwa Antigwa. Bayan mako biyu guguwar Mariya ta yi wa Dominika asarar da ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu. Saboda haka masu cewa zuwa hutu irin waɗannan wurare a wannan lokaci rashin tausayi ne, ban bi bayansu ba. Ɗakin da babu kowa ba ya ciyar da mai shara.

Ko yashin da baƙo ke kwanciya a kai yana da nasa lissafin. Wilma ta kwashe farin rairayin Kankun har igiya ta riƙa dukan bangon otal-otal. A 2006 gwamnati ta ɗauko wani kamfanin Beljiyam ya zuƙo yashi daga ƙarƙashin teku ya zuba, a kan miliyoyin daloli; cikin ƴan shekaru ruwa ya sake cinye mafi yawansa, aka maimaita aikin daga ƙarshen 2009 da kuɗin da suka fi na farko. A 2009 ɗin ne kuma jami'an kare muhalli, da rakiyar sojojin ruwa, suka zagaye bakin ruwan wani otal da igiya, baƙi na kallo da kayan wanka a jikinsu, bisa zargin otal ɗin yana tara wa kansa yashi ba bisa ƙa'ida ba.

Katangar da ta fi aiki tana cikin ruwa. Dutsen murjani na Mesoamurka, wanda ya faro daga nan ya gangara har Honduras, yana karya mafi yawan ƙarfin igiya kafin ta iso tudu. A 2019 jihar Kintana Ro, inda Kankun take, tare da masu otal da wata ƙungiyar kare muhalli, ta saya wa wani sashe na murjanin inshora, da sharaɗin in iska ta kai wani ƙarfi a yankin a biya nan take, ba sai an zo auna ɓarna ba. Guguwar Delta ta cika sharaɗin a Oktoban 2020, aka biya kimanin dala 800,000. Da iska ta lafa, ayarin masu nutso da aka horar tun da farko, cikinsu har da masunta da masu yi wa baƙi jagora, suka shiga ruwa suna tsinto karyayyun rassan murjani suna liƙa su da siminti.